Ƙarin da ba daji ba ne, amma sai a hannun likitocin daji: wasiƙa daga Bamingam zuwa Katsina

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara da sauran mutanen gida. Saƙonki na murya ya iso, na saurare shi har wajen da kika yi ƙasa da murya kika ce in faɗa miki gaskiya ke kaɗai. To ga gaskiyar nan, kuma ba ke kaɗai ba, ki karanta wa duk wanda ya tambaya. Na ji abin da ke yawo a dangi, wai ciwon daji gare ni muna ɓoyewa, in ba haka ba me zai kai ni asibitin masu daji. Wasu kuma sun ce likitocin nan sun ƙi yi mini aiki ne saboda abin ya fi ƙarfin aiki. Wallahi ko ɗaya babu. Ƙari ne gare ni a bangon ciki, sunansa desmoyid, ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta yadda daji ke yi. Amma masu duba shi su ne masu duba wani nau'in daji da ake kira sakoma, kuma da gangan suka bar shi ba su yanka ba. Dalilin hakan nake so in warware miki, don akwai abin da ya shafe mu a gida ƙwarai.

Kin dai san da tiyata aka ciro mini auta. Bayan na yaye shi sai na fara jin wani ƙullutu mai tauri a gefen ɗinkin, ba ya motsi in na danna, yana ɗan tsunkulina in na sunkuya a sallah. Ni da Abban yara muka ɗauka ƙaba ce. A nan ba ka tashi ka tafi wajen babban likita kai tsaye, komai kuɗinka in dai a tsarin gwamnati kake. Kowa yana da ƙaramin asibitin unguwa da ya yi rajista da shi, daga can ake tura mutum gaba. Samun ganin likitan unguwar shi ne wahalar farko. Tun da safe ake buga waya, ki yi ta riƙe da ita a kunne, wani lokacin a ce miki guraben yau sun cika. Sau da yawa na tuna gida, inda za ki hau Keke Napep ki je ki yanki kati ki ga likita kafin azahar. Ta wannan ɓangaren dai kun fi mu sauƙi, ba na ja.

Amma da na samu shiga, sai na ga abin da ban saba gani ba. Likitar ta sa ma'auni ta auna ƙullutun, ta tambaye ni ko yana ƙaruwa, ko yana ciwo, ta duba ko a saman fata yake ko a can cikin tsoka. Ashe akwai alamomin da aka koya wa kowane likitan unguwa ya lura da su: ƙullutun da ya kai santimita 5, wato kamar faɗin yatsu uku, ko wanda ke girma, ko wanda ke zurfi a ƙarƙashin tantanin tsoka, ko mai ciwo, ko wanda aka taɓa cirewa ya dawo. In ya ga irin wannan, ba nasa ba ne. Ba zai ce bari in gwada ba. Ta tura ni sikanin, daga sikanin aka tura takardata cibiyar sakoma. Ƙa'idarsu ita ce wanda ake zargin yana da daji a faɗa masa e ko a'a cikin kwana 28 daga ranar da aka tura shi. Ba kullum suke cika ƙa'idar ba, amma tana nan a rubuce, kuma ana bin diddiginta.

Cibiyoyin nan 'yan kaɗan ne, kuma da niyya aka bar su kaɗan. Duk faɗin Ingila wurare 5 ne ke aikin ƙarin ƙashi: Stanmore a gefen Landan, nan Bamingam, Oxford, Oswestry da Newcastle. Na tsoka da kitse sun ɗan fi haka yawa, cikinsu har da Royal Marsden ta Landan da Christie ta Manchesta. Hikimar a bayyane take. Sakoma ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na ciwon dajin manya ba, kuma duk ƙullutu ɗaya da ya zama sakoma akwai wajen 100 da ba komai ba ne. Likitan da ke ƙaramin asibiti zai iya yin ritaya bai ga irin nawa sau biyar ba. In aka tattara masu ciwon wuri guda, abin da ke baƙo a ko'ina sai ya zama ɗan gida a can.

Bari in ba ki labarin ɗiban tsoka, don shi ne abin da na fi tsoro kuma shi ne ya fi komai amfani. An fara yi mini hoton MRI. Aka sa na cire 'yan kunne da allurar mayafi da duk wani abu na ƙarfe, aka toshe mini kunne saboda ƙarar injin, aka tura ni cikin bututun nan, wata murya tana ce mini in riƙe numfashi, in saki. Wata rana daban aka kira ni ɗiba. Na nemi mace ta tsaya tare da ni, nan take aka kawo nas, ba wanda ya yi mini kallon na cika fitina. Likitan ya yi mini allurar kashe zafi, ya ɗora na'urar sikanin a wajen yana kallon allo, sannan ya zura wata allura mai ɗan kauri. Ya ce zan ji ƙara, kada in firgita. Sai na ji ƙas. Ya zaro, ya kakkaɓe wani siririn farin nama a cikin 'yar kwalba mai ruwa, ya maimaita kaɗan, aka manna mini filasta, na sha shayi na tafi gida da ƙafata. Daga baya na ji cewa hatta wurin da allurar za ta shiga sai an yi shawara da likitan fiɗa, don in abin ya zama daji, hanyar da allurar ta bi ita ma sai an yanke ta tare da ƙarin.

Sakamakon ba likita ɗaya ke yanke shi ba. Kowane mako suna zama a ɗaki guda: likitan fiɗa, mai karanta hoto, mai duba nama a madubin likita, likitan magungunan daji, likitan gashi, wato mai ƙona ƙari da hasken inji, da nas ta musamman. Su haska hoton mutum a bango, su kalli naman, su yi muhawara, sannan su fitar da matsaya ɗaya. Bayan nan a rubuta wa likitan unguwa wasiƙa, a aiko mini da kwafinta har gida. Duk abin da aka faɗa a kaina ina da shi a rubuce. Aka kuma ba ni lambar nas ɗin, aka ce in ciwo ya tashi ko hankalina ya tashi ita zan kira. Yaya, wannan lambar wayar ta yi mini amfani fiye da wasu magungunan.

Shi desmoyid daga farin naman nan da ke naɗe tsoka yake fitowa, irin wanda jiki ke yin tabo da shi. Ƙwayoyin da ya kamata su ɗinke rauni su tsaya, sai su ƙi tsayawa. Bai wuce mutum 5 ko 6 cikin miliyan yake kamawa a shekara ba, ya fi kama mata, musamman masu shekarun haihuwa, kuma sau da yawa yakan biyo bayan ciki ko tiyata ko wani rauni. A yawancin masu shi, kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100, ana samun sauyi a wata ƙwayar halitta mai suna CTNNB1, a cikin ƙarin kawai, ba gado ba ne kuma ba a ba 'ya'ya. Nawa irin wannan ne, Alhamdulillahi. Kaɗan daga ciki kuma suna tafiya da wani ciwon gado da ke sa tsiro masu yawa a babban hanji, shi ya sa suka yi ta tambayata ko a danginmu an taɓa samun mai dajin hanji da ƙuruciya. Wanda aka samu da wannan sai an leƙa hanjinsa, shi da 'yan uwansa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a wannan sahu. A ɗakin jira na ga masu iri-iri. Akwai ƙarin kitse, lifoma, mai laushin nan da ke fitowa a baya ko kafaɗa, wanda yawancinsa ba ya komai, amma in ya yi girma ko ya yi zurfi sai an tabbatar ba ɗan uwansa mai hatsari ba ne. Akwai ƙarin da ke cinye ƙashi daga ciki, yawanci kusa da gwiwa ko wuyan hannu, ga 'yan shekara 20 zuwa 40. Shi kankare shi ake yi a cike ramin da simintin ƙashi, wani lokacin a haɗa da allurar denosumab, kuma jefi-jefi yakan kai huhu, don haka ba a sakaci da shi. Akwai na cikin gaɓa, mai sa gwiwa ta yi ta kumbura tana tara ruwa mai jini. Akwai ma wani mai saurin girma cikin 'yan makonni, mai tsorata mutum da likita duka, wanda kuma yakan baje da kansa. Dukkansu da ido ko da hannu ba a raba su da sakoma. Wani sa'in ko a madubi sai gwani.

Ranar da aka faɗa mana sakamako, Abban yara bai ji daɗi ba. Murnar ba daji ba ne ta zo, amma da likitan ya ce ba za a yi aiki ba, za a sa ido ne, sai ya gyara zama ya ce, ranka ya daɗe, abu yana cikin jikin mutum, kun gan shi, kun san sunansa, me zai hana a cire a huta? Ni ma abin da ke raina ke nan. Likitan ya juyo mana da allon kwamfuta, ya nuna mana gefen ƙarin. Ba shi da baki kewayayye, wasu 'yan yatsu ne suke shiga cikin tsoka. Sai na tuna ƙiri-ƙiri a gonar Baba ta hanyar Jibiya, yadda ake share shi a yi murna, ruwa ɗaya ya sauka ya dawo ya fi da. Ya ce shekarun baya yanka suke yi, su yanke da faɗi, amma a wajen mutane da yawa yana dawowa, a sake yanka, ya sake dawowa, har mutum ya rasa tsoka ko amfanin hannu saboda abin da ba zai kashe shi ba. Tun da rauni na daga cikin abin da ke tayar da shi, ita kanta wuƙar tana iya zama fami. Da suka fara haƙuri suna kallo, sai suka ga da yawa suna tsayawa cak, wajen kashi 20 cikin 100 ko fiye ma suna ja baya da kansu. A 2020 ƙwararrun Turai da Amurka da Japan suka fitar da matsaya ɗaya cewa sa ido shi ne matakin farko ga yawancin masu wannan ƙari.

Kada ki ɗauka sa ido na nufin a sallame ki a manta. Da farko ana maimaita hoto a kai a kai, in an ga ya natsu sai a riƙa tazarar wata 3 zuwa 6. Kowane zuwa sai an gwada sabon hoto da tsoho, a tambaye ni ciwo, barci, ɗaukar yaro, har ruku'u da sujada na gaya musu suka rubuta. Nawa ya ɗan ƙaru da fari, sannan ya tsaya, yanzu sun ce cikinsa ya fara yin duhu a hoto, alamar yana komawa tabo. Zama da abu a jiki kina jin sa da hannunki kullum ba sauƙi, ba zan ɓoye miki ba. Daren da ya kama gobe hoto ba na samun barci sosai. Amma na gamsu da hujjarsu, kuma da a ce yau za a ba ni zaɓi, hanyar nan zan sake bi.

In ya ƙi tsayawa, akwai matakai. Na bangon ciki irin nawa yana cikin waɗanda aiki ya fi karɓa, a cire a sa raga a ɗinke. Na kafaɗa, wuya, cinya ko cikin hanji kuwa an fi fara masa da magani. Akwai kemo mai sauƙi, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, methotrexate da vinblastine, da ake yi mako-mako na tsawon watanni. Akwai ƙwayoyi irin su sorafenib, wanda binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna yana hana shi ci gaba, da pazopanib. A watan Nuwamba na 2023 Amurka ta amince da nirogacestat, magani na farko da aka yi wa rajista musamman don wannan ƙari, sai dai yana taɓa ƙwan haihuwar mata da yawa, kuma farashin da ya fito da shi ya kai wajen dala 29,000 a wata. Akwai daskararwa, a zura allurai a ƙanƙarar da ƙarin har ya mutu. Akwai gashi, amma ba sa saurin yi wa matasa. Kin ga dalilin da ya sa dole sai likitan daji, kayan aikin duk nasa ne.

Sai maganar kuɗi, tun da a gida ana cewa asibitin Turai kyauta ne. Gaskiya ne ban ciro ko fam ɗaya ba ranar hoto ko ranar ɗiba, ba wanda ya ce in je in biya in kawo rasit. Tsarin nasu, NHS, tun 1948 aka kafa shi a kan haka. Amma mun biya tun kafin mu taka ƙasar. Mai neman bizar zama yana biyan kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara, ɗalibai da yara fam 776, kuma a dunƙule ake karɓa na duk shekarun bizar. Masu bizar aikin jinya da kula da tsofaffi ne aka ɗauke wa. Ga haraji da ake zara daga albashi tun bai shigo hannu ba. Bambancin kawai shi ne mai lafiya ne ke biya tun yana da lafiya, ba a jira sai ya kwanta a ce ya kawo. Mu kuwa a gida, duk da hukumar inshorar lafiya ta tarayya da ta jiha, yawancin mutane daga aljihu suke biya, shi ya sa ciwo ɗaya ke cinye akuya da gona da sarƙar aure.

Magani kuma labarinsa daban. Duk abin da likita ya rubuta, fam 9.90 ne a Ingila, mai tsada ne ko mai araha. Mai shan magani da yawa yana iya biyan fam 114.50 na shekara ya huta. Mai ciki da mai jego har shekara guda ba sa biya, yara ma haka, a Sikotilan da Wales kuwa ba mai biya. Sai dai ba za ki shiga kemis ki ce a ba ki na ciwon jiki mai ƙarfi a miƙo miki ba. Hatta farasitamol a kanti 16 ne a fakiti, kuma in kika kwaso da yawa mai kanti zai ce ki mayar. Tiramol da ire-irensa sai da takarda, ana kuma lissafe da su. Da fari abin ya ba ni haushi, don ranar da ciwo ya tashi da dare na so a ce kemis ɗin bakin layinmu ne. Amma ba na fargabar jabu, kuma ba wanda zai haɗa mini ƙwayoyi kala biyar a leda ba suna. Ki gaya wa masu cewa in aiko musu da maganin ƙari su yi haƙuri, ba a sayar da shi haka, kuma ko ana sayarwa ba zan aiko da abin da ke taɓa hanta da hawan jini ga wanda ba a gwada ba.

Yanzu bari in faɗi inda gida ya fi, don kada ki ce Turai ta ɗauke mini hankali. Jinya a nan aikin ma'aikata ne, ba a shimfiɗa tabarma a gefen gado, ba mai kwana da ke. Dubiya tana da lokaci, mutum biyu a bakin gado, lokaci ya cika a tafi. Akwai abincin halal, akwai ɗakin sallah, akwai tafinta kyauta ga wanda bai ji Turanci ba, duk suna da kyau. Amma na ga wata dattijuwa a ɗakin jira, ita kaɗai da sandarta da 'yar jaka, an kira ta an faɗa mata sakamako, ta fito ta zauna tana kallon ƙasa, ba wanda zai ce mata sannu. Na matsa na zauna kusa da ita har motarta ta zo. Da a Katsina ne, da ɗakin nan bai ɗauki 'yan rakiya ba, ga kwanon fura, ga kunu a fulas, ga masu addu'a. Ni kaina ranar da na dawo daga ɗiba, ni na dafa abincin dare, don Abban yara yana aikin dare kuma ba maƙwabciyar da za ta leƙo. Na yi kewar Inna ranar ba kaɗan ba.

Sannan saurin nan na masu zargin daji ne. Da zarar an ce naki ba daji ba ne, wasu abubuwan sai ki shiga layin kowa da kowa. Ƙa'idarsu mako 18 ne daga turawa zuwa fara magani, amma an yi shekaru ba a cika ta ba, kuma jerin jiran a Ingila ya haura miliyan 7. Gashin ƙashi da asibitin masu fama da ciwo mai naci, jiransu sai mai haƙuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, babban abin da ya cece ni ba inji ba ne. Jeri ne: hoto tukuna, sannan ɗiba, sannan shawara, wuƙa a ƙarshe in ta kama. Mu a gida sau da yawa daga ƙarshe muke farawa. Ƙullutu ya fito, a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ya tsaga, ko a shafa masa magani mai cin fata. In an je ƙaramin asibiti, a ce ɗan aiki ne, a cire da rana tsaka, a nuna wa dangi a roba, kowa ya ce Alhamdulillahi, a zubar. Ba wanda ya kai naman ɗakin gwaji, saboda kuɗin gwajin ko nisa ko rashin sani. In lifoma ce, an dace. In desmoyid ne, bayan shekara ya dawo ya fi da. In kuma sakoma ce, an riga an watsa ta cikin naman da ke kewaye, aikin da zai tsaya a tsoka ɗaya sai ya zama na yanke ƙafa. Kada ki ce a gida kaɗai ake haka, a nan ma yana faruwa, likitocin cibiyar suna kuka da shi. Bambancin, su sun ɗauke shi kuskuren da ake yaƙi da shi.

Shi ya sa maganar ɗiyar Gwaggo ta hana ni sukuni tun da kika ce ƙullutun cinyarta ya kai cikin tafin hannu, yana ƙaruwa, kuma an sa ranar cirewa. Don Allah Yaya ki je da kanki ki samu Gwaggo, ki ce ina roƙon arziki a dakata. Ban ce wani mugun abu ba ne, mafi yawan irinsu ba komai ba ne. Amma a kai ta babban asibiti a fara da hoto, MRI in da hali, a ɗebi nama da allura a gwada kafin a taɓa ta da wuƙa. Ku tambayi likitan kai tsaye, cikin ladabi: me ake zato, an gwada, wa zai duba naman? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. In har an yi aikin, komai ƙanƙantar abin da aka ciro a sa shi a ruwan gwaji a kai, a karɓo sakamako a rubuce, a adana shi tare da faifan hoton. Kuɗin hoton da gwajin ni da Abban yara mun ɗauka, kada ya zama dalili.

Kuma ba sai an fita waje ba. Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, wanda aka buɗe wa sabuwar cibiyar ciwon daji a 2025. Ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tun 1959 yake aikin ƙashi. Ga na Malam Aminu Kano, ga na Shika a Zariya mai sashen gashi. Ƙwararru muna da su, ai a asibitocin nan Ingila ma 'yan Najeriya ne birjik, likitoci da nas-nas, wasunsu daga waɗannan makarantun suka fito. Masu sayar da fili su tafi Indiya ko Masar, ban hana ba, amma su tafi da sakamakon gwaji a hannu, su kuma sani cewa asibitin kuɗi da ya ga baƙo ya zo daga nesa da kuɗin aiki, da wuya ya ce masa koma gida mu sa ido. Ga shi wannan ciwon bibiya yake so ta shekaru, ba zuwa ɗaya ba.

Mu Katsinawa ma bai kamata a yi mana dogon bayani a kan amfanin cibiya ba, don muna da Babbar Ruga. Asibitin kutare ne a da. A shekarun 1980 Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya fara ɗinkin matan da ke yoyon fitsari a can, aka yi ta yi har hannu ya faɗa, aka horar da likitoci da nas-nas, yau ta zama cibiyar ƙasa, mata na zuwa daga jihohi da ƙetaren iyaka. Ba wanda ke kai mai yoyon fitsari wajen kowane likita ya gwada sa'a, kowa ya san inda ake kai ta. Irin wannan nake yi wa masu ƙari fata. A ce a Arewa akwai wuri ɗaya ko biyu da kowane likita daga Daura zuwa Funtuwa ya san cewa ƙullutun da ya kai santimita 5 can ake tura shi, likitocin su riƙa zama mako-mako, ko ta waya ce, su kalli hoto tare. In an ƙiyasta mutanen jiharmu wajen miliyan 10, masu irin ciwona kaɗai za su kai gommai a kowace shekara, ban da sauran ire-iren. Suna nan a ƙauyuka da unguwanni, ana ce musu iska ce ko sammu.

Inna ta sa a tambaye ni maganar haihuwa. Ki gaya mata ba a hana ni ba. Sun ce ciki yana iya motsa shi ya ƙaru, sau da yawa kuma ya lafa bayan an sauka, don haka in Allah Ya kawo rabo za su riƙa dubawa tare da likitocin haihuwa. Maganin tsarin iyali ma sai da muka zauna da su aka zaɓa, saboda sinadarin mata yana da hannu a lamarin.

Muna sa ran zuwa Babbar Sallah in Allah Ya kai mu, kuma lokacin hotona na gaba zai iya faɗawa muna gida. Nas ɗin ta ce ba laifi in yi shi a can in kawo musu faifan, in dai an ɗauki wajen yadda suka rubuta. Ki bincika mini inda injin MRI ke aiki yanzu, a Katsina ko Kano, da nawa ake biya, da ko suna ba da hoton a faifai ba takarda kaɗai ba. Ki gaida Inna da kyau, ki ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. A gaida Gwaggo da mai jiki, Allah Ya ba ta lafiya.

Ƙanwarki.